Iya Dotun da Kwamfutar da Ta Ƙi Hular Mamaci

Duk wanda ya mutu tsakanin Mokola da Oke-Ado, in dai 'ya'yansa na da ɗan abin hannu, sai ya biyo ta shagon Iya Dotun kafin a kai shi makwancinsa. Ba gawarsa ba, hotonsa. Ita ke tsara fostar rasuwa da ɗan littafin jana'iza. Takan share wa mamaci ƙurajen fuska, ta miƙe masa wuyan riga, in iyalai sun roƙa ta rage masa shekara goma, sannan a kai wa masu injin ɗab'i na bayan layi su buga.

Sunanta na yanka Arinola, amma tun da ta haifi Dotun ba a ƙara jin sunan ba sai a takardar fansho. Shekara ashirin da biyu ta yi tana buga tafireta a wani ofishin gwamnati a nan Ibadan, kuma a duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa barin makaniki ya taɓa mata keken rubutunta ba. Tana da wani gwangwanin alewa da take ajiye sukudireba biyu, tsohon buroshin haƙori da kwalbar man keken ɗinki. Ranar da aka kawo kwamfutoci ofis aka tara masu tafireta za a koya musu, wasu kuka suka yi. Ita kuwa hannu ta ɗaga ta tambayi malamin ta ina ake zuba wa abin mai. Ya ce ba a zuba masa. Ta dube shi, ta dubi na'urar, da aka gama kwas ɗin kuwa ita ta zo ta ɗaya.

Da ta yi ritaya sai ta kama shago a Mokola, ta sayi kwamfutar tebur 'yar tokumbo, baƙa, mai nauyin buhun gari, ta ajiye akwatin a ƙasa kusa da ƙafarta, allon a kan tebur. Shekara tara suna tare. Kowane mamaci da ya shigo shagon tana buɗe masa jakarsa a ciki, da sunansa da shekarar da ya tafi. Mutanenmu ba sa binne mutum sau ɗaya su huta. Akwai tunawa ta shekara ɗaya, da ta biyar, da ta goma, kuma kafin lokacin hoton asali ya ɓace a wajen ƙaura ko ruwa ya ci shi. Sai ka ga mutum ya shigo yana sosa ƙeya, ya ce, "Mama, ko kuna da hoton babana?" Ta tambaye shi shekara, ta danna sau uku, ga babansa.

Wata Litinin da azahar Madam Ibidun ta shigo, wata mai sayar da atamfa a kasuwar Gbagi, mace mai jiki da murya. Mahaifinta ne ya rasu, Baba Akinyode, tsohon mai awon kokon da ake cakulan da shi, yana da shekara casa'in da huɗu. Hoto ɗaya tak gare shi a duniya, don bai yarda da masu hoto ba, wannan ma a wani biki aka sace shi yana hararar wani. Yana sanye da hula haɓar-kada ruwan ƙasa wadda ta sha wanki.

"Mama, ankon da muka fitar shunayya ne," in ji Madam Ibidun. "Mutum ɗari uku sun riga sun kai ɗinki. Ku mayar mana da hular nan shunayya ta dace da mu."

"Hararar fa? A bar ta?"

"A bar ta. In kuka cire ba wanda zai gane shi."

Iya Dotun ta saka hoton a kwamfuta, ta buɗe shi ya cika allo, ta yi kusan kwata tana share tabon ruwa a gefen rigar. Sannan ta zagaye hular da maus, ta zaɓi launi, ta danna. Hular ta fara komawa shunayya daga hagu, ta kai rabi, sai komai ya tsaya cak. Kibiyar maus ta ƙame a kan kunnen marigayi. Can sai wasu layuka kore da ruwan hoda suka keto daga sama har ƙasa, fuskar tsohon ta farfashe ta zama ƙananan murabba'ai, ido ɗaya ya koma kan kafaɗa. Allon gaba ɗaya ya zama kamar adiren da aka rina cikin fushi.

Madam Ibidun ta ja kujerarta baya.

"Jesu! Mama, kun ga abin da na gani?"

"Na gani."

"Baba ne."

"Kwamfuta ce."

"Ba ku san Baba ba. Mutumin da ya mayar da amala kicin ranar aurena don ta yi ruwa? Tun yana raye ba ya son shunayya. Cewa yake launin masu son a gan su ne."

Iya Dotun ta sunkuya ta kashe na'urar ta sake kunnawa. Wannan karon ko minti biyar ba a yi ba, tana kai hannu kan hular, fuskar ta sake wargajewa. A karo na uku hoton na buɗewa ya tarwatse. Madam Ibidun ta ciro waya a jaka ta kira yayanta a nan gaban Iya Dotun.

"Buroda Lanre, kana zaune? To zauna. Baba ya ƙi hular."

Ta tafi a kan za ta dawo Talata ta sama bayan iyali sun zauna, don ranar Laraba ake son aikin ya shiga inji.

Washegari da safe Rasaki ya zo a kan babur. Shi ke gyara wa rabin shagunan layin kwamfuta, mutum ne ɗan shekara arba'in mai wayoyi uku da baƙin tabarau da ba ya cirewa ko a cikin ɗaki. Ya taɓa yin wata takwas a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, kuma ba ya bari a yi minti goma da shi ba a san haka ba. Ya ɗan rusuna ya taɓa ƙasa da yatsa ɗaya, gaisuwar mai sauri.

"Mama, ina kwananku. Me tsohuwar ta yi kuma?"

Ta gaya masa. Ya kunna, ya buɗe hoton, ya juya shi sama da ƙasa, ya mayar da hular ja, ya mayar da ita shuɗiya. Kwamfuta shiru, lafiya lau.

"Mama, ai ganina ta yi ta shiga hankalinta."

"Zauna."

Ya zauna. Minti arba'in cif, layuka suka sauko. Rasaki ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya leƙa, ya mayar.

"Bairos ne. A Ikeja mun ga irinsa da yawa."

"Bara da firinta ta ƙi jan takarda ma bairos ka ce."

"To ai..."

"Fil na ciro a cikinta."

Rasaki ya tsallake maganar fil. Ya ce magani ɗaya ne, a wanke ta tas, a share duk abin da ke ciki a zuba sabo. Wannan shi ne maganin Rasaki ga kowace cuta. An ce ya taɓa wanke kwamfutar wani lauya kafin a gano ba a jona wayar wuta ba ne.

"Mutanen da ke ciki fa?" in ji Iya Dotun.

"Waɗanne mutane?"

"Dubu ɗaya da ɗari huɗu da 'yan kai."

"Mama, ai sun riga sun mutu."

"Shi ya sa ba za su dawo a sake ɗaukarsu ba."

Suka daidaita a kan cewa zai kawo mata ɗan akwatin ajiya, ta kwashe mamatanta a ciki tukuna, sannan a yi maganar wanki. Ya kawo da yamma. Ranar Laraba tun da hantsi ta jona shi ta fara kwafa, kuma jakar da ta fara ɗauka ba ta farko ba ce a jere. Ta Baba Dotun ce, mijinta, direban motar haya tsakanin Ibadan da Ilorin, wanda ya kwanta da zazzaɓi shekara shida da suka wuce bai tashi ba. Ita ta tsara fostarsa da hannunta a kan wannan kujerar. Ba ta yi hawaye ba lokacin da likita ya gaya mata, ba ta yi ba lokacin da take gyara masa gashin baki a allo. Sai da mai injin ɗab'i ya tambaye ta guda nawa za a buga, sannan ta zauna a kan tarin takardu aka rasa mai iya ɗaga ta. Yanzu ta tsaya ta ga jakar ta ƙetare lafiya, ta buɗe ta a can ta tabbatar, ta rufe. Sannan ta saki sauran bi da bi.

Awa uku ana kwafa. Da aka gama ta kalli agogo, ta kalli allo. Ko gezau kwamfutar ba ta yi ba.

Wannan ya tsaya mata a rai. Cutar da ke kashe na'ura a minti arba'in, me ya hana ta yau? Ta juya wata fosta da ta lalace ta ja layi uku a bayanta: lokacin da ta kunna, abin da take yi, lokacin da ta mutu. A zamanin tafireta ta koyi cewa in harafi ya ƙi bugawa ba a kwance keke duka. Abu ɗaya ake taɓawa, a gwada, in ba shi ba ne a mayar da shi yadda yake a taɓa na gaba.

Ranar Alhamis Rasaki ya zo da faifan wanki a aljihu, ta ce ya bar shi a aljihun. Ta sa shi ya aro wani allo a shagon maƙwabci, aka jona. Layuka suka sauko a allon maƙwabci ma, har mai shi ya zo da gudu ya ɗauke abinsa kada ya kamu. Aka canja wayar da ke tsakanin allo da akwati. Duk ɗaya. Rasaki ya yi gumi, ya amsa wayoyinsa uku, ya gaya wa kowane mai kira cewa yana hanya.

"Mama, wallahi lokaci muke ɓatawa. Minti talatin na gama muku wankin nan."

"Je ka ci abinci, Injiniya."

In ta kira shi Injiniya ya san a tashi ne. Ya tashi.

Kafin Juma'a bayan fostar ya cika. Ta zauna da tabaran karatu tana dubawa. In rubutu kawai take bugawa, sunayen 'ya'ya da jikoki da jerin waƙoƙin coci, kwamfutar sai ta wuni. In babban hoto ne, da safe minti arba'in, da rana kwata, in kuma an sake kunna ta nan take ko minti biyar ba ta kaiwa. Kuma ba Baba Akinyode kaɗai ba ne. Ta gwada da wata Alhaja da ta rasu shekara huɗu baya, mace mai haƙuri da ba a taɓa jin ta da kowa ba, ita ma fuskarta ta tarwatse.

Ta cire takalmi ta ɗora tafin ƙafa a jikin akwatin. Ta janye da sauri. Sai ta jawo gwangwanin alewarta daga ƙasan durowa, ta durƙusa da ƙyar, don gwiwoyin ba na da ba ne, ta kwance sukurori biyu ta zare murfin gefe.

Shekara tara na ƙurar Mokola na ciki, da garin takarda, da yanar gizo-gizo, da busasshen kyankyaso a kwance rigingine. Ta kunna na'urar a buɗe ta haska da tocila. Fankoki uku ta gani. Babbar ta baya na juyawa. Ta tsakiya na juyawa. Wata ƙarama, mai faɗin murfin kwalba, manne a ƙarƙashin wani faifai kore, tana ɗan karkarwa kawai kamar mai jin sanyi. Ta bi faifan da ido har baya, ta ga a jikinsa wayar allo take shiga. Ta kira Rasaki.

"Faifan da wayar allo ke shiga jikinsa, mene ne aikinsa?"

"Katin hoto ke nan, shi ke zana duk abin da... Mama! Kun buɗe ta?"

"Na buɗe."

"Kada ku taɓa komai! Wuta za ta ja ku! Ina hanya!"

Ta san ma'anar ina hanyar Rasaki, don haka ta juyo da fankarta ta tsaye, wadda ke mata fifita tun da ta kama shagon, ta kwantar da kanta ta saita cikin akwatin. Ta buɗe Baba Akinyode. Ƙarfe biyu na rana ne, zafi kamar a toya ƙosai a kan kwano, gumi na bin bayanta har zani. Kwata ta wuce. Awa ta wuce. Ta mayar da hular shunayya tun daga kunne har kunne, ta yi mata inuwa, ta jera sunayen 'ya'ya goma sha ɗaya da jikoki arba'in da biyu. Kwamfutar na shan iska, ita tana fifita da kwali.

Da yamma ta kashe, ta zare katin, ta kakkaɓe shi da buroshin haƙori. A cikin ƙaramar fankar ta zaro wani dunƙule kamar auduga. Ta ɗaga takardar da ke manne a tsakiyarta, ga ɗan rami, ta ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya. Ta hura, fanka ta juya. Rasaki ya iso bayan magariba ya tarar ta rufe shago.

Asabar lafiya lau. Ran Litinin da safe, ana kunnawa, tun na'urar da sanyinta, layukan suka dawo, kuma wannan karon tun daga rubutun farko da ke fitowa kafin komai ya buɗe. Fankar na juyawa abinta. Iya Dotun ta daɗe tana kallon allon, hannu a cinya. Gobe Madam Ibidun za ta zo, ga hotunan wasu mamata biyu a ambulan suna jiran layi. Rasaki da ya zo bai ɓoye jin daɗinsa ba.

"Mama, na faɗa muku. Ba a yi wa kwamfuta aikin tafireta." Ya ciro faifansa yana goge shi a riga.

"Abin da za ka wanke ɗin, ya riga ya tashi lokacin da layukan suka fito?"

Ya dubi allon. "Bai tashi ba."

"To me za ka wanke?"

Ta sa shi ya juyo da bayan akwatin wajen haske. Ta nuna masa da sukudireba. "Ga ramin da wayar allo ke shiga. Ga wani can sama, shuɗi, irinsa sak, an toshe shi da roba. Na mene ne?"

"Wannan na uwar na'urar ne. Ita ma tana iya zana hoto, amma ba ta da ƙarfi. Ba wanda ke amfani da shi."

"Cire katin. Sa wayar a can."

Ya cire, ya sa, ya kunna. Allo ya fito fes. Ta buɗe Baba Akinyode, ya ɗauki lokaci yana saukowa daga hula zuwa haɓa, a hankali kamar tsohuwa na hawan tudun Mapo, amma ya iso cikakke, ido biyu a inda Allah ya sa su. Suka jira awa guda. Ba abin da ya faru. Rasaki ya juya katin a hannunsa, ya shinshina shi.

"Ya ƙone. Zafin da ya daɗe yana sha ne ya gama da shi. Daman abin da nake shirin gaya muku ke nan."

"Na sani," in ji ta.

Ranar Talata Madam Ibidun ta shigo da labari. Iyali sun zauna har sau biyu. Wata gwaggonsu ta Oyo ta yi mafarki da marigayi yana tsaye ba hula. An yanke shawara a bar masa hularsa ruwan ƙasa, kuma duk mazan gidan za su sa irinta a kan ankon, an ma riga an ba maɗinki.

Iya Dotun ta juyo mata da allo. Ga Baba Akinyode da hula shunayya, tsaf, yana harara. Sannan ta ɗora mata katin a tafin hannu, ta nuna mata fankar, ta yi mata bayani dalla-dalla, har da Alhajar nan mai haƙuri. Madam Ibidun ta saurara da ladabi har ƙarshe.

"Na ji, Mama. To wa ya tsayar da fankar?"

"Ƙura."

"Shekara nawa ƙurar take ciki?"

"Tara."

"Shekara tara ba ta ga damar tsayar da ita ba sai ranar Baba?"

Iya Dotun ba ta saba faɗin abin da ba ta sani ba. Ta kama maus ta danna sau ɗaya, hular ta koma ruwan ƙasa. Dukansu biyu suka zuba wa allo ido. Bai motsa ba.

"Kun gani ko?" in ji Madam Ibidun, ta share ido da bakin gyale. "Ya huce."

An buga fosta ranar Laraba, an yi jana'iza ranar Juma'a ta sama. An aiko wa Iya Dotun da amala da naman akuya a kula, da bokitin roba mai hoton marigayi a jiki.

Bayan sati biyu Rasaki ya samo wani katin na tokumbo a kasuwar Dugbe. Kafin ta bari ya saka sai da ta hura fankarsa ta ga juyawarta. A can Dugbe kuwa labarin ya riga ya zaga cewa Rasaki ya gano cutar da ta gagari kowa a Mokola da shinshinawa kawai. Ya zo kunnenta, ba ta gyara ba. Masu shaguna biyu uku sun kawo mata tasu kwamfutar, ta ce ita ba makanikiya ba ce, su buɗe su share ƙura, in bai yi ba su kira Injiniya.

Yana gwada sabon katin ne, yana buɗe hotuna barkatai don ya ga ko zai ɗauki zafi, sai ya faɗa wata jaka da ba shekara a jikinta. Fosta ce gamammiya. Iya Dotun ce a ciki, da leshi fari da murjani, sunanta cikakke a ƙasa, Arinola Abeke Oyewusi, da ranar haihuwa, da ɗan layi, sai fili. Rasaki ya cire tabarau gaba ɗaya.

"Haba Mama! Allah ya kiyaye!"

"Daga me?"

"Ai ba kyau mutum ya..."

"Dotun na Fatakwal. In na bar masa, hoton katin zaɓe zai kai a buga."

Rasaki ya daɗe yana kallon fostar. Aikin ya yi kyau, ba ƙarya. Ya gyara zama, ya rage murya.

"Mama, in mutum yana so a ajiye masa tasa fa? Ba wai yanzu ba. Don dai a ajiye."

"Ka kawo hoto," in ji ta. "Wanda idonka ke waje, ba tabarau."